Harajin Ɗakin Hajiya Hapsatou

A tashar Gare de Lyon ta Paris, jirgin Lyon ya yi latti. Malam Maazou, ɗan kasuwa daga unguwar La Goutte d'Or, ya ji dattijuwar da ke kusa da shi tana tsaki tana mita da Hausa, sai ya gaishe ta. Ta ce sunanta Hapsatou.

"Lafiya dai, Hajiya?"

"Ina lafiya, Malam, ga masu lampo, masu karɓar harajin nan? Ɗakina na Villeurbanne, kusa da Lyon, nake ba baƙi masu hutu haya, sai haraji ya cinye ribar."

"Ai ana cire abin da kika kashe kafin a yanka harajin. Wuta, ruwa, wankin zanen gado, ladan mai shara."

"Ni ce mai sharar. Bayana da ke ciwo, wa zai cire shi?"

Maazou ya yi murmushi. "To, in baƙi sun zo, ina kike kwana?"

"Gidan ɗiyata, a Stains, nan kusa da Paris. Kan kujerar falo. Kuɗin jirgin nan ma sun ce ba ya cikin lissafi."

Ya yi lissafi irin na 'yan kasuwa. "Hajiya, wallahi wahala kawai kike sha. Ki bar hayar nan, ki huta a ɗakinki."

Ta gyara mayafinta, idonta na kan allon jirage.

"In na bari, Malam, mi zan ce wa ɗiyata in zo? Ita ba ta taɓa cewa in zo ba. Sai na ce ɗakin da baƙi, sannan nake ganin jikokina."