Laraba Biyu Rediyon Bai Yi Ƙara Ba

A shagon gyaran lantarki na garinmu a jihar Kansas ta Amurka, wata tsohuwa, Dorene Hatcher, tana layi rungume da rediyonta na gargaɗin guguwa. Mutumin da ke bayanta ya leƙo.

"Mama, me ya same shi?"

"Ya mutu. Duk Laraba da hantsi yakan yi ƙarar gwaji. Laraba biyu ke nan shiru."

"Lafiyarsa lau. Na'urar da ke turo masa saƙo daga kan tudu ce ta ƙone."

"Ta ina ka sani?"

"Ni ke gyara ta."

"To me ka tsaya yi a nan?"

"Sai an sayo kayan gyara, mai sa hannu a takardar sayen kuma tana gida tun da aka rufe ma'aikatun gwamnati kan rikicin kasafin kuɗi. Masu duba yanayi suna bakin aiki. Za su ga guguwar, za su yi shela, ke ce ba za ki ji ba."

"Salula ba ta kamawa a kwarinmu. Mijina a keken guragu yake. Minti goma sha biyu nake yi kafin in saukar da shi ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Na auna."

Ya yago 'yar takarda.

"Ba ni lambar wayarki ta gida. In an yi shelar, ni zan kira ki."

"Gida nawa ke jiran saƙo daga tudun nan?"

"Wajen dubu huɗu."

"Takardarka ta yi ƙanƙanta, ɗan nan."

Amma ta faɗi lambar, a hankali, sau biyu.