Wadda Ban Taɓa Ƙirgawa Ba

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Hamisu Ila. Wakilin mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninsa. Malamanmu masu daraja. Shugabar wannan bincike, Dakta Nafisa Sagir, da 'yan tawagarta. Ma'aikatan jinya da ungozomomi. Iyayena mata da ke sahun gaba. 'Yan'uwana matan Kurmin Mashi, da na Rigasa da suka sha doguwar hanya, da na Unguwar Rimi da suka karɓi baƙuncinmu. Da sauran jama'a maza da mata: assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Sunana Rabi Mamman. Ni mai ɗinki ce a Kurmin Mashi. Keken ɗinki na sani, ban san lasifika ba, saboda haka idan kun ji na yi kuskure, ku yi min uzuri. Waɗanda suka yi magana kafin ni sun zo da takardu da alƙaluma, sun gaya muku mata nawa aka tambaya a cikin shekara uku, ciki nawa ya zube, yara nawa ke hannun masu riƙo. Ni ina cikin matan da aka tambaya. An ce in zo in yi godiya a madadinsu, kuma wallahi ko ba a ce ba, da na roƙa.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana. Ina godiya ga waɗanda suka shigo gidajenmu da sallama, suka zauna a tabarmarmu, suka ji sirrinmu, har yau ba mu tsinci ko kalma ɗaya a bakin layi ba. Ina godiya ga maigidana, yana can baya ya sunkuyar da kai. Sunansa ba zan kama ba, wannan kunyar kam ku bar min ita.

Magana uku na zo da su. Ta farkon ta fi tsawo, don ita ce dalilin tsayuwata a nan.

Maganata ta farko a kan ƙirga ce. Duk macen da ta taɓa zuwa awo ta san tambayar da ake fara yi mata kafin a buɗe mata kati: "Haihuwa nawa?" Ni an yi min wannan tambaya sau biyar, a ciki biyar, kuma sau biyar ina ba da amsar da ba ta cika ba. Ban ɗauke ta ƙarya ba, ladabi na ɗauke ta.

Ga yadda abin yake. Haihuwata ta fari a gidanmu na yi ta, a Rigasa, a hannun ungozoma, babu kati babu takarda. Allah ya ba ni 'ya mace lafiyayya. Ku kuma iyayena kun san yadda aka tarbiyyantar da mu: 'yar fari ba a kama sunanta, ba a yi mata wasa a gaban mutane, ba a sa ta a lissafi idan an tambayi 'ya'ya. Da aka yaye ta, yayar maigidana, Yaya A'isha, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta ɗauke ta riƙo. Daga ranar kunyar ta zama biyu. Ga kunyar 'yar fari, ga kunyar kyauta, domin wanda ya ba da abu ba ya komawa yana cewa nawa ne. Yarinya ta tashi tana ce wa Yaya A'isha Umma, ni kuma Anti Rabi, kuma kowa ya ga daidai ne.

Bayan ita ne jarrabawa ta zo. Na biyu namiji ne. Ya zo da kuka mai ƙarfi, kwana biyu idonsa ya yi ɗorawa, jikinsa ya yi ɗorawa, aka ce shawara ce, bai kai suna ba. Na uku ya zo babu rai. Na huɗu ya zube yana wata shida. Na biyar da na shida, ku yafe min, ba zan iya ba da labarinsu a tsaye ba. Ragon suna sau biyu ana sayensa ana mayarwa. Ni da ke ɗinka wa 'ya'yan unguwa kayan suna, sai na koma idan an kawo ɗinkin jariri in ce keke ya lalace.

Kuma mutane ba su bar ni da abin da ke damuna ba. Wasu suka ce wabi ne, yaro ɗaya ne ke zuwa yana komawa, a tsaga masa kunne a gane shi. Wasu suka ce iska ce. Wata ma, Allah ya yafe mata don ni na yafe, ta ce wai ni nake shan abu ina zubarwa don kada in tsufa. Jama'a, ku dube ni, wace ƙuruciya nake tattali?

Duk wannan lokaci, idan na je awo aka ce haihuwa nawa, sai in fara ƙirga daga na biyu. Aka ce akwai mai rai? Sai in dubi ƙasa. Ma'aikaciya tana da mata hamsin a layi, ta ga na yi shiru, ta rubuta babu, ta kira ta gaba. Ban ga laifinta ba. Abin da na ba ta shi ta rubuta.

Ina da ciki na bakwai wata uku, ban gaya wa kowa ba, masu wannan bincike suka shigo layinmu. Da farko 'yan mata suka turo, masu ladabi, da waya a hannu suna dannawa. Yarinya sa'ar 'yata ta zauna ta ce, "Mama, haihuwa nawa?" Na ba ta amsar da na saba. Daga baya Dakta Nafisa ta gaya mana cewa da ta tara amsoshin unguwanninmu sai ta riƙe baki, ta ce, "Ikon Allah, su matan nan daga na biyu suke fara haihuwa ne?" Sai ta tsayar da aikin, ta nemo dattawan mata da suka san mu, ta ce a sake zagayawa. A nan nake cewa wannan baiwar Allah ta yi abin da ba kowane mai ilimi ke yi ba. Ta ga lissafi bai zauna ba, ba ta ce mu jahilai ne ba, ta ce tambayar ce ba a iya ba.

Wadda aka turo min ita ce Inna Uwani, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, ga ta nan zaune da farin mayafi tana hararata. Ta zo da hantsi ina kan keke. Ba ta fito da takarda ba. Ta ɗauki wani yadi ta ce ɗinkina ya karkace, muka yi musu, na ba ta kunu. Can sai ta ce, "Ke Rabi, wankan jegonki na farko, wa ya yi miki?"

Na ce, "Gwaggona ce, a Rigasa."

Ta ce, "Kin cika arba'in?"

Na ce, "Har da ɗori."

Ta ce, "To, wanda aka yi wankan dominsa, yana ina?"

Na ce, "Tana wajen uwarta."

Inna Uwani ta ajiye kofin kunu ta ce, "Wace uwar? 'Yar nan, ban ce ki kama suna ba. Ɗaga min kai kawai. Tana raye? Lafiyarta ƙalau? Ba ta yi shawara ba?" Na ɗaga kai sau uku. Ta ce, "Ta fari lafiya, na baya duk suna tafiya, kuma da ɗorawar ido. An taɓa auna rukunin jininki?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Rufe keken nan, ɗauko hijabinki."

Abin da aka gano, zan faɗe shi yadda na fahimta, likitoci su gyara min. Jinina irin wanda suke ce wa nagetif ne, na maigidana kuma ba irinsa ba ne. Idan haka ta faru, ɗan fari yakan tsira, amma jikin uwa ya riga ya gane jinin a matsayin baƙo, sai ya riƙa yaƙar na duk ɗan da ya biyo baya. Akwai allurar da ake yi wa mace cikin kwana uku bayan haihuwa ko ɓari, ta hana wannan. Kwana uku, jama'a! Ni kuwa a kwana ukun nan ina can ana watsa min ruwan zafi da ganye.

Dakta Nafisa ba ta yaudare ni ba. Ta ce, "Malama Rabi, allurar nan ta wuce ki, yanzu ba za ta yi miki amfani ba. Ba zan yi miki alkawarin wannan cikin ba, rai na Allah ne. Amma yanzu mun san abin da muke tsoro, kuma za mu tsaya a kansa." Ta haɗa ni da babban asibiti. Na yi zaryar ɗaukar hoton ciki har masu Keke Napep na bakin layinmu suka daina tambayata ina za ni. Da cikin ya shiga wata takwas suka ce ba za a ƙara jira ba, aka yi min aiki aka ciro shi. Aka kwantar da shi ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske, an rufe masa ido. Sau biyu ana canja masa jini, da jinin wasu bayin Allah biyu da har yau ban san fuskarsu ba. Ranar suna ta zo yana asibiti. Maigidana ya ce a yanka ragon. Na ce a dakata. Ya ce, "Wannan karon ba za a mayar ba."

Wancan da kuke gani yana ƙoƙarin ƙwace wa Inna Uwani carbi, shi ne Salim. Shekararsa biyu da wata huɗu. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi, alhamdu lillahi.

Maganata ta biyu gare ku ce, 'yan'uwana mata, kuma gajeriya ce. Ban zo in ce a zubar da kunya ba. Kunya adonmu ce, da ita aka raine mu, da ita za mu raini namu. Amma ɗakin awo ba gaban surukai ba ne. Idan an ce ciki nawa, ki ƙirga duka: na fari da kike jin nauyinsa, da wanda kika ba riƙo, da wanda ya zube yana wata biyu ba wanda ya sani sai ke da Allah, har da wanda kike jin tsoron a san yadda aka yi ya fita. Idan baki ya kasa, ki ɗaga yatsu. Kuma ki tambayi rukunin jininki tun a cikin fari. Ƙanwata an auna ta, jininta irin nawa ne, an yi mata allurar a kan lokaci, yanzu goyonta na biyu take yi lafiya lau.

Maganata ta uku gare ku ce, ma'aikatan lafiya da masu bincike. Mun gode, kuma muna roƙo. Ku tambaye mu yadda Inna Uwani ta tambaya. Idan mace ta yi shiru ta dubi ƙasa, kada ku rubuta babu, ku ɗan dakata. Idan an kawo mace tana zubar da jini, ku fara tsayar da jinin kafin ku fara tuhuma, domin mai ɓari da yawa ta zauna a gida har ta galabaice saboda tsoron kallon da za a yi mata. Ku kuma shugabanni, wannan littafin sakamako da aka miƙa muku yau, kada ya kwanta a cikin durowa. Hawayenmu ne a ciki.

Saura abu ɗaya, mai girma shugaba, ka ƙara min minti biyu.

Makon jiya na je Rigasa wajen Yaya A'isha. Matar nan shekara goma sha biyar tana riƙe da yarinyar nan. Ita ta yi jinyar ƙyandarta, ita ta kai ta makaranta, ita ta sa ta sauke Alƙur'ani, kuma ba ta taɓa ɓoye mata ko waye ubanta ko wace ce ta haife ta ba. Na durƙusa na ce, "Yaya, an ce in yi jawabi, kuma ina so in yi ƙirga a gaban mutane. Ban zo karɓa ba, izini na zo nema." Ta dube ni ta ce, "Rabi, ashe sai yau? Shekara nawa yarinyar nan tana tambayata ko kin manta sunanta ne. Ni na raina, ke kika haifa, ba wadda za ta ture wata. Je ki faɗa, da ƙarfi ma."

To, Dakta, buɗe katinki ki rubuta. Cikina bakwai. Biyar suna wajen Ubangijinsu, ina fatan su tsaya min ranar gobe. Biyu suna raye. Na bakwai shi ne Salim. Ta fari kuwa, wadda ta buɗe min ƙofa, wadda labarin lafiyarta ya ceci ran ƙaninta ba tare da ta sani ba, tana zaune kusa da Ummanta a sahu na uku, shekararta goma sha bakwai, ban taɓa kiran sunanta da bakina ba.

Aziza. Aziza, tashi mutane su gan ki. Ban manta ba, 'yata. Ko rana ɗaya ban manta ba.

Allah ya saka wa Yaya A'isha da gidan Aljanna, ita da duk mai riƙon ɗan wani da amana. Allah ya ƙara wa Dakta Nafisa da Inna Uwani da tawagarsu lafiya da basira. Allah ya sa albarka a jinin waɗanda suka ba da jini. Masu ciki Allah ya sauke su lafiya, masu nema Allah ya ba su masu albarka, waɗanda suka rasa Allah ya sanyaya zuciyarsu. Allah ya zaunar da Kaduna lafiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Wassalamu alaikum warahmatullah. Na gode.