Shaidar Inna a Filin Jirgin Katsina

NU'UMAN: Salamu alaikum. Rashida?

INNA: Wa alaikumus salam. Ba ita ba ce. Ƙanwar taka ta tafi karɓo magani, ta bar mani wayar.

NU'UMAN: Au, Inna ce. Ina kwana, Inna?

INNA: Lahiya lau. An tashi lahiya?

NU'UMAN: Lahiya lau. Ya gajiya? Ya zaman asibiti?

INNA: Mun gode Allah. Ya mutanen Ƙofar Sauri? Ya Ramla da yara?

NU'UMAN: Suna lahiya, suna gaishe ku. Ya jikin Baba?

INNA: Da sauƙi.

NU'UMAN: Inna, ki faɗa mani gaskiya.

INNA: To, da sauƙi dai ake cewa. Likita ya shigo tun da asuba, ya ce in ba a yi aikin nan yau ba, ba shi da tabbacin gobe. Shi kuma Malam ya kafe, ya ce babu mai shiga da shi ɗakin tiyata sai ya gan ka da idonshi. Kun taso?

NU'UMAN: Ai abin da ya sa na kira ke nan. Ina filin jirgi, amma… Halo? Inna?

INNA: Ina ji. Muryar ce ke tafiya tana dawowa.

NU'UMAN: Na ce sun hana ni wucewa.

INNA: Su wa? Ba Rashida ta sai maka tikitin ba?

NU'UMAN: Tikiti na hannuna. Masu binciken bakin ƙofa ne. Sai ka nuna katin shaida, ni kuma lasin tuƙina na miƙa, ashe wa'adinshi ya ƙare tun bara waccan. Wallahi ban taɓa dubawa ba. Ga hoton tun ban aje gemu ba, matar ta kalle shi ta kalle ni, ta ce ita ba ta ga kama ba.

INNA: Katin zaɓenka fa?

NU'UMAN: Yana wurin Sule na kansila. Shi ya bi gida gida ya tattara, wai za a raba taki.

INNA: Kai da ko gona ba ka da ita?

NU'UMAN: Kowa ya ba da, Inna, sai ni zan ƙi? Na kira shi, yana Batagarawa wurin taron jam'iyya. Kafin ya iso jirgi ya tashi, kuma babu wani sai jibi. In na bi mota ba zan shigo Legas yau ba.

INNA: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

NU'UMAN: Na roƙi matar har na durƙusa. Ta je ta yi magana da babbansu, ya ce tunda larura ce, in akwai wani nawa da zai ba da shaida a waya, maganarshi ta dace da abin da ke jikin katin, su bar ni. Shi ya sa na nemi Rashida.

INNA: Ba ta daɗe da fita ba, kuma layin maganin nan Allah kaɗai ya san tsawonshi.

NU'UMAN: An fara shiga, Inna, mutane na wuce ni. Ga mai binciken nan, ki yi mata magana don Allah. Madam, ga mahaifiyata.

RUTH: Halo, Mama, ina kwana? Sunana Ruth, ni ce a kan bincike. Yaya mai jiki?

INNA: Da sauƙi, ɗiyata. Sannu da aiki.

RUTH: Yauwa. Mama, ba na so in wahalar da ku, amma in na bar mutum ya shiga da katin wani, aikina ne zai tafi. Na matsa gefe, ba ya jin mu. Mutumin nan mene ne naki?

INNA: Yaron gidanmu ne.

RUTH: Ɗanki ne?

INNA: Haka ake cewa.

RUTH: Mama, ko e ko a'a.

INNA: E.

RUTH: To, faɗa mini cikakken sunansa.

INNA: Mu Ɗan Goggo muke ce mashi. Kakarshi Goggo ce ta goye shi.

RUTH: Babu Ɗan Goggo a katin nan. Sunansa na yanka nake so, da na babansa.

INNA: Ki tambaye ni wani abin. Yana da tabo bayan kunnen hagu, garwashi ne ya faɗo mashi yana rarrafe. Ki duba.

RUTH: Hoto ba ya nuna bayan kunne, Mama.

INNA: Ranar Laraba aka haife shi, cikin azumi, ana ruwa kamar…

RUTH: Mama, suna kawai. Uwa ba ta san sunan ɗanta ba?

INNA: Na sani mana! Ina zaune a ɗaki wanzami ya yi shelarshi a ƙofar gida. Ɗiyata, ke ba 'yar nan ba ce?

RUTH: Daga Kafancan nake, amma na daɗe a nan Katsina, unguwar Kambarawa.

INNA: To, ɗan fari ne. Na biyun kuma sunan maigidana ne. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ɗora ko ɗaya a harshena ba. Ko maƙwabci mai irin sunan, sai dai in ce mai sunan Malam.

RUTH: Kai. Na gane, Mama, maƙwabciyata ma haka take yi. Amma oga na tsaye yana kallona, kuma abin da ya ce ke nan. Babu kowa kusa da ke?

INNA: Nas ce, Bayarabiya, ba ta san mu ba. Malam kuma an sa mashi abin numfashi a baki. Idonshi biyu, yana kallona.

RUTH: Sun yi kiran ƙarshe na shiga jirgi. Da zarar sun janye matakala, ko ni ba ni da iko.

INNA: Ki jira Rashida, don girman Allah.

RUTH: Ba ni ke riƙe da jirgin ba, Mama. Halo? Mama, kina nan?

INNA: Ina nan.

RUTH: To?

INNA: Bari in juya mashi baya. Kin ce yaron ba ya ji?

RUTH: Yana can wajen tebur, ya dafe kai.

INNA: Nu'umanu.

RUTH: Ban ji ba, layin ya ɗauke. Ɗaga murya.

INNA: Nu'umanu! Nu'umanu Dabo. Nu'umanu ɗana ne, ni na haife shi, ban taɓa ɗaukar shi gaban mutane ba, amma nawa ne. Ki bar mani shi ya zo ya ga ubanshi.

RUTH: Ya isa, Mama, ya yi daidai. Kar ki yi kuka. Oga, ya yi! Malam, zo ka karɓi wayarka. Sa jakar a kan na'ura, cire abin da ke aljihu, yi sauri. In ka dawo ka sabunta lasin nan.

NU'UMAN: Allah ya saka maki da alheri, Madam! Inna, sun bar ni! Ki ce ma Baba ga ni nan, ya yarda su fara shirya shi. Inna? Mi ya samu muryarki?

INNA: Mura ce. Wuce ka hau.

NU'UMAN: Mi ta tambaye ki?

INNA: Abin da ta tambaya na ba ta.

NU'UMAN: Ta ce mani suna za ta tambaya. Inna, kin faɗa?

INNA: Za ka tsaya surutu jirgi ya tafi?

NU'UMAN: Gudu nake, ga matakalar nan. Kowa ya kira sunana a duniyar nan, har baƙuwa yau ta ji a bakinki, ni ban taɓa ji ba. Sau ɗaya, Inna. Katin wayata ya kusa ƙarewa.

INNA: Allah ya kawo ka lahiya.

NU'UMAN: Inna, don Allah.

INNA: Kai dai ba ka da kunya. To, saurara da kyau, don ba zan maimaita ba. Nu…

NU'UMAN: Halo? Inna? Halo!