Tambaya Biyu a Bakin Akwatin Sannu-Sannu

Assalamu alaikum.

Mai girma shugaban taro, wanda mu dai har gobe Manaja muke ce masa, ko da yake shekara goma sha ɗaya ke nan rabonsa da tsare mana ƙofa da agogo a hannu. Iyayenmu na ɗakin inji, waɗanda ƙarar aiki ta cinye musu rabin ji, saboda su zan ɗaga murya. 'Yan'uwana na ɗakin gyaran rubutu. Masu jera haruffa, masu yankan takarda, masu ɗinki da manna bango. Direbobi da masu gadi. Iyalan abokan aikinmu da suka riga mu gidan gaskiya. Jama'a maza da mata, tsofaffin ma'aikatan maɗaba'armu, ina yi muku barka da zuwa, barka da ganin juna.

Ina gode wa kwamiti da ya ba ni minti goma. Na yi shekara ashirin da biyu ina datse wa marubuta dogon zance, yau kuwa ban ga mai datse mini nawa ba. An ce in yi magana a kan tuna baya. Zan yi, amma ku yi haƙuri, da fushina na zo.

Abu na farko, ɗakinmu, saboda 'ya'yanmu da ke nan waɗanda ba su taɓa ganinsa ba, kuma ba za su gani ba, tunda an rushe ginin. Ɗaki ne a saman bene, taga ɗaya, tebur ɗaya, kujera biyu suna fuskantar juna. Fankar da ke sama ba ta sanyaya kowa, aikinta watsa takardu, sai mun danne su da guntayen dalma. In aka tayar da babban inji a ƙasa, shayin da ke kofi sai ya ɗauki rawa. Warin tawada da kananzir kuwa ya bi mu har cikin mayafi, har 'yata takan ce tun daga bakin layi take sanin na dawo.

A ɗaya kujerar aminiyata ce, wadda duk kuka sani da Sannu-Sannu, Allah ya jiƙanta. A ɗayar ni ce, wadda kuka laƙaba wa Jan Biro, kuna zaton ban sani ba. Aikinmu na mutum biyu ne. Ita ke riƙe da rubutun marubuci tana karantawa da murya, har waƙafi, har aya, ba ta tsallake komai. Ni ke riƙe da biro ina bin abin da aka jera, ina kama kuskure. Ƙa'idar ɗakin ɗaya ce: mai biro ba ta sa tata. Abin da aka faɗa mata shi take bi, ko ta yarda ko ba ta yarda ba. Haka muka yi littattafan makaranta, muka yi kalanda, muka yi wani littafin kiwon zomo har sau huɗu, don mai shi kullum sai ya tuno sabon abu game da zomo.

Abu na biyu, akwatin. Da kwamfuta ta zo, Manaja ya ce kowane ɗaki ya buɗe akwatin imel. Muka buɗe namu. Kalmar sirri muka rubuta ta a kati muka manna a ƙarƙashin aljihun tebur, lambar waya muka sa ta ofis. Yau ba tebur, ba ofis, ba waya.

Bayan an rufe maɗaba'a, kowa ya kama gabansa, ita ce kaɗai ba ta saki ba. Shekara biyar na ƙarshen rayuwarta tana bin ku gida-gida da wayarta da ciwon gwiwarta, tana ɗaukar muryoyinku, tana ɗaukar hoton tsofaffin hotunanku, tana turawa cikin akwatin nan. Mutum sittin da uku ta naɗa. Sha tara daga cikinsu yau suna ƙarƙashin ƙasa. Akwai wanda ke zaune a wurin nan da bai mallaki ko sakan ɗaya na muryar mahaifinsa ba, sai wadda ke cikin akwatin. Ta rasu, wayarta ta lalace, mu kuma muka ce ai abu yana intanet, ba ya ɓata.

Watan jiya 'yarta ta kira ni. Ta ce, "Anti, kamfanin nan ya sanar cewa duk akwatin da ya shekara biyu ba a buɗe shi ba za su share shi. Na lissafa, na Mama saura kwana ashirin da shida."

Na ce ta kwantar da hankalinta, ai ni na buɗe shi da hannuna. Na zauna gaban kwamfuta da gadara, na danna inda aka ce in ka manta kalmar sirri. Sai ta jefo mini tambaya biyu. Wane laƙabi ake kiranki da shi kina yarinya? Me kika so ki zama in kin girma? Na yi dariya. Na rubuta nawa laƙabin, na rubuta lauya. Ta ce ba daidai ba ne. Na ce wataƙila a lokacin alƙali na ce, don na taɓa son wannan ma. Na rubuta. Ta ce ba daidai ba ne, saura gwaji ɗaya, in na sake kuskure za ta kulle wata guda cur.

Jama'a, ku dube ni. Ni da na gyara wa masu digiri rubutu, na'ura ta dubi tsabar idona ta ce ban san kaina ba! Na rubuta wa kamfanin wasiƙa shafi biyu, babu kuskure ko ɗaya a ciki. Cikin ƙiftawar ido amsa ta dawo: suna godiya, sun damu da damuwata, in amsa tambayoyin tsaro. Na sake rubutawa, amsar nan dai ta dawo, ko waƙafi bai canja ba. A zamaninmu in ka kawo kuka akwai mutum a bayan tebur, ko zai ƙi ka, da fuskarsa zai ƙi ka, ka san wanda za ka yi wa Allah ya isa. Yanzu kuwa wa za ka kama?

Abu na uku, kuskuren, kuma nawa ne. Na je gaida Baban Inji, ga shi can a layin gaba yana murmushi, na yi ta kwarara masa labarin a kunne. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Jan Biro, ke da hankalinki? Yaushe kika taɓa rubuta maganar kanki a ɗakin nan? Ranar da kuka buɗe akwatin ina bakin ƙofa, na kawo kwafi. Ke ce a kujera kina buga haruffa da yatsa biyu kamar kaza na tsattsaga, ita tana tsaye a bayanki tana faɗa miki."

Wallahi gaskiyarsa ne. Hannuna ne ya buɗe akwatin, amma bakinta ne ya amsa. Ta karanta tambaya, ta faɗi amsa, na buga, ban ko saurara ba, kamar yadda na bi littafin zomo. Yarintarta ake tambaya, ni kuma ina ta cusa tawa.

To, sai a amsa da tata. Na ɗauki biro, na zauna, na rasa abin rubutawa. Shekara ashirin da biyu muna fuskantar juna. Na san tarinta. Na san yadda take jan numfashi kafin doguwar jimla. Na san in ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, marubucin ya ba ta haushi ke nan. Na san muryarta fiye da ta mijina. Amma ban san abin da ake kiranta a gidansu ba, ban san abin da ta so ta zama ba. Na san abin da mutanen cikin littafi ɗari suka so, ban san na wadda ke karanta mini su ba.

Na je wurin yayanta. Laƙabin bai ba shi wuya ba, ya ce Kurciya, don ko kuka za ta yi a hankali take yi. Na biyun kuwa ya ce, "Malamar makaranta mana, me kuma za ta so?" Na ce, "Yaya, ta faɗa maka, ko kai ka yanke mata?" Ya sosa ƙeya. Na koma wurin 'yarta, ta ce, "Anti, na san abin da ta so in zama. Nata ban taɓa tambaya ba." Na kira mutum goma sha huɗu a cikinku, kowa da tasa, daga mai cewa nas sai mai cewa tela. Gwaji ɗaya ya rage mini, ba zan yi caca da muryar mutum sittin da uku ba.

Saura kwana huɗu, 'yar ta ce, "Akwai wata tsohuwa da ke zuwa asibiti kullum da safe lokacin jinyar Mama, su yi ta ƙus-ƙus suna dariya. Ta ce a wurin aikinku take shara a da."

Iya mai shara. Ko sau ɗaya ba ta faɗo mini a rai ba.

Na same ta a wani ɗaki bayan shagon mai walda. Tana ganina ta ce, "Jan Biro! Har yanzu fuskar nan kamar kin sha maɗaci?" Na ce, "Iya, tambaya na zo yi." Ta ce, "Ikon Allah, yau ke ce da tambaya?" Da na faɗa mata, ko tunani ba ta yi ba. Ta ce, "Direbar jirgin ƙasa. Gidansu bayan layin dogo yake, in jirgi zai wuce sai ta hau katanga tana ɗaga wa direba hannu. Ran nan ya busa mata usur, ta ce kwana uku ba ta ci abinci ba don murna."

Sannu-Sannu, jama'a! Matar da ke yin minti biyar kafin ta hau bene! Na ce, "Iya, me ya sa ke ta gaya wa?" Ta ce, "Tambayarta na yi. Ku kuna zuwa ƙarfe takwas da karatunku, mu muna zuwa bakwai da bakinmu. Ina shara tana tafasa mana ruwa."

A ɗakin nan, ƙarar walda na shigowa, na buga amsoshin a wayar 'yar marigayiya. Akwatin ya buɗe. Ba abin da ya ɓata. Mun kwafe komai mun ajiye wuri uku, kuma duk iyalin da ke da murya a ciki zai tafi da tasa yau.

Saura abu na ƙarshe, shi ne tushen fushina. Da na duba jerin, muryar da marigayiya ta fara naɗa, kafin ta Manaja, kafin tawa, ta Iya ce. Minti arba'in. Ta san wanda ke ɓoye takalmin aiki a bayan ƙunshin takarda, ta san wanda ya yi kuka a bayan inji ranar da aka ce za a rufe, ta san mu duka. Na ɗauko takardar gayyatar wannan taro, na bi ta da yatsa layi-layi, aikina ne, ba na tsallake layi. Babu sunanta. Na duba na bara, babu. Taro goma mun yi, ba mu taɓa kiranta ba. Kada kowa ya harari kwamiti, ni ma na yi shekara huɗu a cikinsa, ni ma na tantance takardar nan na ce ba kuskure.

Na zo da ita. Tana waje cikin mota, ta ƙi shigowa. Ta ce da can da tsintsiya take shiga, yanzu ba tsintsiya, ba kuma wanda ya kira ta, da me za ta shiga? Manaja, ina roƙonka a gaban jama'a, kai da kanka za ka fita ka shigo da ita, a matsa mata a babban tebur. Ba zan kunna ko murya ɗaya ba sai ta zauna.

Allah ya jiƙan Sannu-Sannu, ya jiƙan sha taran nan da duk waɗanda suka riga mu, ya haskaka makwancinsu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya raya mana zuriya, ya yafe mana waɗanda muka wuce ba mu gani ba. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, ya sake tara mu baɗi ba wanda aka manta a waje.

Manaja, tana jira. Na gode.