A Ja Wasalin Sunan Kakata

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Yau Asabar ce, sha huɗu ga watan Yuni na shekarar 2025, daidai da sha takwas ga Zulhajji, 1446. Ƙarfe sha ɗaya da rabi ne na safe, muna ɗakin taro a nan Kankiya, a zaman da marubuta da makaranta na Kankiya da Kusada suka saba yi bayan babbar salla.

Mai girma shugaban taro, Malam Abdullatif Ashafa, mai girma wakilin hakimi, malamaina na allo da na boko, iyayenmu mata da suka baro aiki a wannan lokaci na shuka, marubuta manya da masu tasowa, 'yan'uwana makaranta, jama'a maza da mata, ina gaishe ku baki ɗaya.

Sunana Jamilatu Yakubu, daga Dudunni. Bara na kammala digiri a fannin Hausa, kuma ban taɓa tsayawa gaban taro irin wannan ba, don haka ku yi mini uzuri. Ina gode wa Allah da Ya tara mu lafiya. Ina gode wa shugaban taro, wanda na gaya wa abin da zan faɗa tun kafin yau, ya ce in zo in faɗa.

An nemi in yi magana a kan littafin nan na almara, Garin Da Aka Sace Wa Inuwa, da fim ɗin da aka yi da shi, da labaran da masu son littafin suka ci gaba da rubutawa a waya. A kansa na rubuta kundin digirina. Amma ya wajaba ku san abu ɗaya tun da farko: marubucin, marigayi Malam Sufyanu Dudunni, kawuna ne, kuma matar da zan fi yin magana a kanta kakata ce. Ku auna maganata da wannan. Abin da na tabbatar zan ce na tabbatar, abin da aka gaya mini zan ce gaya mini aka yi.

Na farko, littafin. An buga shi a shekarar 2016. Labarin wani gari ne da mutanensa suka wayi gari babu wanda yake da inuwa, babu mutum, babu dabba, babu itace, rana tana cin su ba wurin fakewa. Sai aka tura wani saurayi mai suna Ashiru ya nemo inda inuwar ta tafi. A littafin, Ashiru gajere ne, mai in'ina, mai tsoron kare. An zaɓe shi ne don babu wanda zai yi kewarsa a gona. Abokin tafiyarsa wani zalɓe ne mai magana, mai yawan ƙorafi. A babin ƙarshe, bayan sun sha wuya, suka isa wani gida a bakin daji, da itacen kuka a ƙofarsa. Wata tsohuwa mai lanƙwasasshen yatsa a hannun hagu ta fito da farar ƙwarya cike da fura, ta ce da Ashiru, "Zauna ka sha, hanyar tana nan." Marubucin ya ce sunanta Uwar Baƙi, ya ƙara da cewa duk wanda ya sha furarta ba ya komawa gida yadda ya fito. Ashiru ya kai ludayi baki, littafin ya ƙare a nan, da alkawarin na biyu. Na biyun bai fito ba. Allah Ya karɓi ran kawuna a shekarar 2017, bayan gajeruwar rashin lafiya.

Jama'a, ku saurari sunan nan da kunne, domin a kansa komai ya rataya. Idan aka ja wasalin farko, aka ce baaƙi, ana nufin jam'in baƙo, mutanen da suka zo daga wani wuri. Idan aka gajarta shi, aka ce baƙi, ana nufin launi, launin gawayi da duhu. A baki kalmomi biyu ne da ko yaro ba ya rikita su. A rubutun boko kuwa kalma ɗaya ce, haruffa huɗu, babu abin da ya raba su.

Kawuna bai ƙirƙiri sunan ba. Laƙabin mahaifiyarsa ne, kakata Inna Zinariya, kuma da jan wasali Dudunni ta san shi tun kafin a haife ni. Gidanmu shi ne na ƙarshe a bakin hanya. Mai fatauci da rana ta faɗi masa, Bafulatanin da ya taso da shanu, 'yan cirani, matar da mota ta lalace da ita, duk a zaurenmu suke sauka, kuma ba a taɓa tambayar kowa sunansa kafin a miƙa masa ƙwarya ba. Kukar tana nan. Yatsan ma yana nan, wuta ce ta ƙona shi tana yarinya. Ɗa ne ya ɗauki uwarsa ya sa ta a littafi don ya girmama ta, bai sauya mata ko kalmar da take tarbar mutane da ita ba.

Na biyu, fim ɗin. An sake shi a shekarar 2023, da izinin iyalan marigayi, kuma wannan na tabbatar. Ashiru ya zama dogo mai ƙirji da takobi, in'inar ta tafi, tsoron ya tafi. An cire zalɓen, aka sa budurwa mai waƙa a madadinsa. Waɗannan ba su dame ni ba, na san kyamara tana da abin da take iyawa da wanda ba ta iyawa. Amma fim yana buƙatar ƙarshe, littafin kuwa ba shi da shi. Masu fim suka duba takarda, suka ga labari ne na inuwar da aka sace, suka ga wata tsohuwa wai ita Uwar Baƙi, suka karanta da gajeren wasali, suka ce ai ga ɓarauniyar nan, uwar duhu. Aka shafa wa 'yar wasan gawayi, aka sa mata dogayen haƙora, aka nuna ta tana kama inuwar mutane tana rufewa a cikin ƙwarya. Amma aka bar kukar, aka bar yatsan, aka bar farar ƙwaryar, aka bar "Zauna ka sha, hanyar tana nan."

Na je Kano na sami daraktan. Ya karɓe ni da mutunci. Da na faɗi sunan yadda muke faɗarsa, sai ya ajiye abin da ke hannunsa, ya ce, "Ƙanwata, sake faɗa." Na sake. Ya ce, "Innalillahi. Wallahi haka muka gani a rubuce. Ashe matar tana raye?" Na ce tana raye. Ban ga alamar mugunta a tare da shi ba, kuma ba zan ce na gani ba.

Na uku, labaran waya. Bayan fim ɗin, masu son labarin suka shiga rubuta ci gabansa da kansu, suna turawa a zaurukan WhatsApp, wasu kuma suna karantawa da murya. Na tattara guda goma sha tara. A sha shida daga ciki tsohuwar muguwa ce, kuma kowane sabon labari yana ƙoƙarin ya fi na bayansa ban tsoro. A wani tana dama fura da kurwar jarirai. A wani ita ta cinye ɗanta. Na karanta wannan na ajiye wayar, na kasa cin abinci. A biyu ta rikiɗa ta zama kyakkyawar aljana ta auri Ashiru. Guda ɗaya tak, na wata marubuciya daga Maradi, shi ne ya ɗauke ta a matsayin mai saukar baƙi. Na tambaye ta yadda aka yi ta gane, ta ce a unguwarsu ma akwai wadda ake kira haka.

Na san wasu daga cikin waɗanda suka rubuta labaran nan suna zaune a ɗakin nan. Ban zo in kunyata kowa ba. Kun rubuta ne don kuna son littafin, kun rubuta ne don ya tsaya a inda zuciya ba ta yarda a tsaya ba, kuma wasunku sun iya alƙalami ƙwarai. Kun ɗauka da mutumiyar takarda kuke wasa.

Na huɗu, abin da ya faru a Dudunni. Fim ɗin ya iso ta wayoyin samari. Kowa ya ga kukar, kowa ya ga yatsan. Yara suka fara wucewa ta bayan katangarmu suna kiran sunan da gajeren wasali, suna gudu. Da farko abin dariya ne. Na nuna wa Inna hoton 'yar wasan, ta kawo shi kusa da ido, ta ce, "Ke 'yar boko, wai ni ce wagga? To sun kyauta, sun ba ni haƙora, nawa sun zube." Muka yi dariya har da hawaye.

Sai damina ta zo, wata yarinya a maƙwabtanmu ta kwanta da zazzaɓi, kuma a ranar ta sha fura a zaurenmu, kamar yadda ta saba sha tun tana rarrafe. An kai ta asibiti, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba ta magani ta warke. Uwarta ce ta gaya mini haka da bakinta. Amma kafin ta warke, wani ya riga ya furta kalmar da kuka sani, wadda idan ta fita a ƙauye ba ta komawa. An ce mayya.

Babu wanda ya zo ya zage ta. Babu wanda ya jefe ta. Abin da aka yi ya fi wannan shiru. Kwanon da ta aika gidan suna ya dawo a rufe yadda ya tafi. Matan da suke zuwa daka a tsakar gidanmu suka sami wani turmin. Idan matafiyi ya nufo zaure, sai wani ya tare shi a hanya ya ce ya ƙara gaba. Matar da ta yi shekaru fiye da hamsin ba ta ci abinci ita kaɗai ba, yanzu tana dama fura da safe ta ajiye a zaure, da yamma ta ɗauko ta ta yi tsami, ta zuba wa awaki.

Na ce mata, "Inna, ki daina wahalar da kanki, ba mai zuwa."

Ta ce, "In wani ya zo hwa? Ya tarad da zaure ba komi, ya tahi ya ce gidan Zinariya ya mutu?"

Wata rana kuma ta kira ni, ta rage murya, ta ce, "Jamilatu, ke da kika karanta, gaya mani gaskiya. Sufyanu ne ya rubuta ni haka?" Na ce a'a, Inna, ba shi ba ne. Ta ce, "To mi ya rubuta?" Na karanta mata babin. Da na kai inda Ashiru ya ɗaga ludayi na tsaya, ta ce in ci gaba. Na ce nan ya ƙare. Sai ta ce, "Yaron ko sha bai yi ba."

Ya ku malamai, ina roƙonku ku yi magana a kan kalmar nan a inda ake jin maganarku, domin kun fi ni sanin nauyinta a wurin Allah. Ya ku marubuta, ban ce ku goge abin da kuka rubuta ba, na san ya riga ya yi nisa. Ina roƙon ku rubuta wani, wanda a cikinsa yaron zai sha, ya ƙoshi, ya tashi da ƙarfinsa. Ya ku masu karantawa da murya, ku ja wasalin. Numfashi ɗaya ne kawai za ku ƙara.

Mai girma shugaba, malamaina sun koya mini kada in rufe bincike ban faɗi abin da ban sani ba. Ga shi.

Ban san yadda kawuna ya yi niyyar ƙare labarin ba. Matarsa, Anti Hawwa'u, ta ce ya taɓa gaya mata cewa tsohuwar ce za ta nuna wa Ashiru hanyar da zai dawo da inuwar. Na yarda da ita, amma shaidar mutum ɗaya ce, kuma babu ita a rubuce.

Ban san abin da yake nufi da cewa wanda ya sha ba ya komawa yadda ya fito ba. Ina da zato, amma zato ne.

Ban san wanda ya fara furta kalmar nan a Dudunni ba, kuma na daina nema.

Ban san ko daraktan zai fito ya yi bayani ba. Ya ce zai duba.

Ban san kwanakin da suka rage wa Inna ba. Ta tsufa, kuma tun bara ta rame.

Na ƙarshe kuma shi ne wannan. Da ta ji zan zo taro, sai ta tambaye ni ko akwai waɗanda za su zo daga nesa. Na ce akwai na Yashe, akwai na Kusada, har da na Katsina. Ta ce, "Ashe baƙi ne." Ta tashi ta dama. Farar ƙwaryar can da kuke gani a kan teburin bakin ƙofa, a rufe da faifai, tata ce, da ludaya a gefe. Ta ce in dawo mata da ƙwaryarta kafin magariba, kuma na san abin da za ta fara yi shi ne ta ɗaga faifan ta duba. Ban san abin da za ta gani ba.

Allah Ya jiƙan Malam Sufyanu, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya tsare harsunanmu da alƙalumanmu daga cutar da wanda bai cuce mu ba. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya saka wa waɗanda suka shirya taron nan da alheri, Ya mai da kowane baƙo gidansa lafiya.

Na gode.