Ruwan da Ɗan Garuwa Ya Kawo Mana Bayan Ambaliya

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Hajara, daga Azare.

Da ambaliya ta ci unguwarmu, ruwan masai ya shiga rijiyoyi, sai kuma rana ta buɗe da zafi kamar bazara. Dole muka koma sayen ruwa. Wani sabon ɗan garuwa ya fara kawo mana, amma ruwan da ɗan wari. Na yi masa magana, ya ce, "Hajiya, na burtsatse ne, warin jarka ne kawai."

Hankalina bai kwanta ba. Burtsatsen da nisa, shi kuwa kafin in wanke tukunya ya dawo. Ranar da surukata Inna ta fara gudawa, na saka hijabi na bi bayan kurarsa. A rijiyar da mai unguwa ya hana sha na tarar da shi yana ja.

Inna ta warke bayan kwana uku a asibiti. Yanzu ko wa ya kawo ruwa, sai na tafasa. Malam, har yau ɗan garuwan nan yana zaga wasu unguwanni. Wurin wa zan kai ƙara? Ina gaida Talatu mai ƙosai, kuma Talatu, don Allah ki tambayi mai kawo miki ruwa inda yake ɗebowa.