Kwanan Watan da Ke Jikin Ƙofar Sito

Shugaban taro, malaman gona, iyayena da 'yan'uwana masu lambu, da masu kiwon zuma da ke can gefen taga, assalamu alaikum. Na gode da kuka ba ni dama, ni da na fi kowa asara bara.

Magana uku na zo da su, kuma duk a jikina na koya.

Ta farko, bishiya ba ta duba kalanda. Sanyi ke kwantar da ita ta huta, ɗumi ke tashin ta ta yi fure; in ɗumi ya yi sammako, fure ma sai ya yi sammako. A jikin ƙofar sitonmu akwai kwanan watan da mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya rubuta da fenti, ranar kawo akwatunan ƙudan zuma su yi wa fure barbara. Shekara goma sha ɗaya ban saɓa ba.

Ta biyu, mai taɓa reshe kullum ya fi ƙofa sani. Bara Baba Dogo, mai kula da lambunmu tun ina goye, ya ce da ni, "Uwar ɗakina, ɗumin nan ya zo da wuri, toho ya kumbura. A kira mai zuma makon nan." Na ce, "Haba Baba, ka fi mai lambun sani ne?" Na jira kwanan watan da ke jikin ƙofa. Ranar da akwatunan suka iso, fure ya riga ya zube, sai shara muke yi. Ni kuwa, don ƙarfin hali, na ce shi ya yi sakaci da ban ruwa, na sallame shi a gaban ma'aikata.

Ta uku, ku rataya ma'aunin zafi a inuwa, ku duba shi safe da rana, ku kuma duba toho. Malamin gona ya nuna mini nasa awon: mako uku zafi ya haura yadda aka saba. Abin da Baba ya ji a fatarsa ke nan.

Ga shi can a kujerar baya. Baba, a gaban jama'a na ɓata maka suna, a gaban jama'a nake roƙon gafara. Na ji kunya, wallahi. Jiya na shafe rubutun nan na jikin ƙofar sito da hannuna. Toho ya fara kumbura, kuma ban san ranar da zan kira mai zuma ba. Ka dawo ka faɗa mini.

Allah ya sa albarka a lambunanmu, ya ba mu kunnen sauraron manya, ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.